Saida gida da tashi: abin da ya kamata a gama kafin a miƙa makulli

Kowace shekara da zarar ruwa ya ɗauke, kaka ta shigo, kuɗi suka fara yawo a hannun jama'a, sai ka ga dillalan gidaje sun tashi tsaye. Daga Sabon Garin Maraɗi zuwa Zangon Damagaram, daga Tawa zuwa Bukoki da Talaje a Yamai, labarin kusan guda ne: Alhaji wane zai saida gidansa ya ƙara jari, magadan wane sun gaji da jayayya za su raba, Hajiya wance za ta bi mai gidanta da aka canza ma wurin aiki. Mu ƴan kasuwa mun saba da ciniki, a taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama. Shi ya sa da yawa cikinmu ke ɗaukar cinikin gida tamkar na buhun gero ko turmin atamfa. To amma buhu in ka saida shi da araha gobe ka mayar da asararka a wani buhun. Gida kuwa sau da yawa shi ne tarin wahalar shekara ashirin, kuma ranar da aka saida shi, ranar ce iyali suka rasa wurin kwana sai an sama musu wani.

Abin da muka lura da shi, a unguwanninmu da cikin danginmu, shi ne ba kasafai farashi ke tada rigima ba. Rigima na fitowa daga abin da aka bari ba a gama ba kafin ciniki, da kuma gaggawar miƙa makulli bayansa.

Takarda tukuna

Mai saye mai wayo kafin ya dubi fenti takarda zai tambaya, kuma yawan kuɗin da zai taya na bin ƙarfin takardar da aka nuna masa. A garuruwanmu gidaje iri uku ne ta wannan fuska. Akwai na tsofaffin unguwanni irin su Birnin Damagaram, waɗanda aka gada kaka da kakanni, shaidarsu ita ce mai unguwa da dattawa da ƴar takardar gargajiya in an yi sa'a. Akwai waɗanda aka gina bisa filin da ma'aikatar magajin gari ta yanka, mai su na riƙe da takardar da ake kira akt da sesiyon, mai ɗauke da lambar ilo da lambar parsel da faɗin filin. Sai kuma masu titir fonsiye, wadda ita ce gagara-badau, domin an rubuta gidan cikin kundin filaye na ƙasa, banki ma na karɓar ta jingina. Tun 2006 gwamnati ta ɓullo da hanya mai sauƙi ta samun wannan takarda, wadda aka laƙaba ma suna Sheda, amma har yau gidaje da yawa na ƴan kasuwa a kan akti kawai suke tsaye.

Bambancin ba na suna ba ne kawai. A tsarin shari'ar ƙasarmu, rigimar fili marar rajista da al'ada ake duba ta, a nemi shaidu, a ji ta bakin sarakuna, abin ya ɗauki shekaru. Wanda ke da rajista kuwa rubutacciyar doka ce ke magana.

Ga tarkon da ya fi kama mutanenmu. Alhaji ya sayi fili wajen wani ma'aikaci shekara goma sha biyar da suka wuce, wataƙila ma irin filayen nan da gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da su a farkon shekarun 2000. An ba shi akti, ya jefa cikin adaka, ya yi gini, ya aurar da ɗiya a ciki. Bai taɓa zuwa meri an juya takardar da sunansa ba. Yau ya tashi saidawa, takarda na ɗauke da sunan mutumin da ya rasu, ƴaƴansa sun watsu, wani a Agadas wani a Abijan. Wannan gida ba zai saidu da darajarsa ba sai an bi sawun magadan nan ko an fito da takardar cinikin farko da shaidunta. Don haka duk mai niyyar saida gida bana, tun yau ya buɗe adaka ya karanta sunan da ke jikin takardarsa. In bai iya karatun faransanci ba ya ba ɗansa na lakwal ya karanta masa, ya kuma je meri a duba cikin kundi ko lambar nan ta dace da wurin da gidan yake, don an sha ganin parsel guda mai akti biyu. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun birane, wakilan da gwamnati ta naɗa ne ke riƙe da ma'aikatun magajin gari, amma ofishin filaye na nan yana aikinsa.

A haɗa da takardun lanho in gidan na cikin masu biya, musamman wanda ake bada haya, da rasiɗin wuta da na ruwa na watannin baya. Kontar Nigelec da ta ruwa, wadda tun farkon 2024 ta koma hannun kamfanin NDE bayan SEEN, da sunan mutum suke, ba da sunan gida ba. Wanda ya tashi ya bar konta da sunansa, bashin da wani zai ci shi za a nema. In kuwa takardar gidan na ajiye a banki ko wajen wani ɗan kasuwa da aka ci bashinsa, a faɗa ma mai saye tun farko, a tsara yadda za a biya bashin daga cikin kuɗin ciniki a karɓo ta a gaban kowa.

Gidan gado

A nan ne mata suka fi cutuwa, shi ya sa za mu ɗan tsaya. Babban wa ba shi da ikon saida gidan mahaifinsu shi kaɗai don kawai shi ne babba, ko don takarda na hannunsa. Hanyar da aka sani ita ce dangi su zauna, a rubuta sunayen magada duka, a zaɓi wakili, a kai takardar zaman nan gaban alƙali ya tabbatar da ita. Wanda ke ci-rani, kamar yadda ake da su da yawa a jihar Tawa, sai ya aiko da wakalci a rubuce mai sa hannun hukuma. Saƙon murya ta WhatsApp ba ya tsayawa a gaban shari'a ranar da mai shi ya dawo ya ce bai yarda ba.

Mu ɗauki misali don uwar gida ta san lissafinta. Mutum ya rasu ya bar mata guda, ƴaƴa maza 2 da mata 3, iyayensa sun riga shi. An biya bashinsa, an fitar da wasiyya, abin da ya rage daga kuɗin gida miliyon 12 ne. Matar tana da tumuni, wato miliyon 1 da jika 500. Sauran miliyon 10 da rabi a kasa su kashi 7, kowane namiji ya ɗauki kashi biyu, miliyon 3 kenan, kowace mace kashi guda, miliyon 1 da jika 500. In matan mamacin biyu ne ko uku, tumunin nan guda za su raba tsakaninsu. Wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Mun sha jin an ce ma ƴar uwa ta yi haƙuri tunda tana gidan miji, a ba ta abin goro a rufe zance. Wadda ta yafe rabonta da yardar ranta Allah ya saka mata, amma a bari ta ga adadin tukuna, ta yafe abin da ta sani. Rabon marayu ƙanana kuwa ba a taɓa shi sai da sanin alƙali.

Wani abu da malamanmu na Malikiyya ke tunatarwa shi ne shufu'a. In gida na haɗaka ne ba a raba ba, ɗaya ya saida kasonsa ga baƙo, abokan tarayyarsa na da ikon biyan wannan kuɗi su karɓe kason. Saboda haka kafin a kira dillali a fara tayar da ƴan uwa. Mai saye ma ya kiyaye, kada ya zuba kuɗi a inda za a zo a mayar masa da su bayan ya soma gyara.

Akwai kuma ɗakin da mace ta gina da kuɗin ƙuli-ƙulinta ko na adashinta a cikin gidan mijinta. A Maraɗi wannan ba baƙon abu ba ne. Ta sayi kwano, ta biya maso, wataƙila ita ta ja famfo. In za a saida gida a yi maganar wannan tun kafin ciniki, a ƙiyasta, a san abin da za a mayar mata. Bayan kuɗi sun shiga aljihu maganar takan yi nauyi.

Gyaran da ke biyan kansa

Mai saida gida yakan faɗa ɗaya cikin kuskure biyu. Wani ya bar gidan kamar kango, ya ce ai mai saye zai gyara. Wani kuma ya ci bashi ya sa karo da silin da ƙofar gilashi, ya zo bai mayar da ko rabin abin da ya kashe ba, don mai saye nasa tsarin daban ne, wataƙila ma rushewa zai yi ya gina kantuna ko silibatar na haya. A bakin babbar hanya ko kusa da kasuwa fili ake saye, ginin kyauta ne. A irin wannan wuri tsintsiya ta isa.

A cikin unguwa kuwa, ruwa ne alƙalin gida. Wanda ya ga daminar 2024 ba ya bukatar a yi masa bayani: mutane fiye da 300 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyon guda abin ya shafa, jihar Maraɗi ce ta fi jin jiki, a Damagaram har tsohon masallacin Birni na ƙasa ya faɗi a farkon watan Satumba. Mutanen Yamai na ƙetaren gulbi, su Lamorde da Kirkisoi, ba su manta da 2020 ba. Ita kanta Maraɗin da muke ciki, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashe ta daga fadama aka yanka sabon gari kare-kare bisa tudu. Tun daga waɗannan shekaru masu saye sun koyi duban gindin katanga kafin su dubi samanta. Suna neman layin danshi, suna duba ko tsakar gida ta fi titi zurfi, suna tambayar maƙwabta inda ruwa ke bi cikin watan Agusta.

Don haka in akwai ɗan kuɗin gyara, a nan za a sa su: a toshe yoyon kwano, a gyara indararo ya zuba inda ya kamata, a ɗaure gindin katanga da siminti, a yi yaɓe in gidan ƙasa ne, a cike ramin tsakar gida. A yashe masai, a rufe gologo, domin wari na korar mai saye tun daga zaure. Farashin siminti ya sauka bayan matakin da gwamnati ta ɗauka a watan Oktoba na 2024, ga kuma na Malbaza kusa, saboda haka wannan gyara bai fi ƙarfin mai niyya ba. Farar ƙasa ko fenti mai araha a ƙarshe ya wadatar. A fitar da tarkacen da aka tara shekara da shekaru, tsofaffin tayoyi, karyayyen gado, gwangwanaye. Ranar da za a zo gani a kai awaki gidan maƙwabta, a share turke. Bedin da ke tsakar gida kada a sare shi, inuwa kuɗi ce a watan Afrilu.

Amma gyara daban, ɓoye aibi daban. Wanda ya shafe tsagewar bango da fenti, ko ya yi shiru a kan ɗakin da ke shan ruwa, a shari'ar Musulunci mai saye na da damar dawo masa da gidansa ko a rage masa kuɗi in aibin ya fito. Mu da muke rantsuwa a kasuwa kullum mun san abin da ha'inci ke yi ma suna. Gara a nuna aibin a rage jika ɗari biyu da a yi shekara biyu ana hawa da sauka a gidan shari'a. Haka ma katangar da aka haɗa da maƙwabci: a faɗi wanda ya gina ta, a gaban shi maƙwabcin. In akwai ƴan haya a ciki a sanar da su da wuri, a ba su wa'adi na mutunci, a mayar musu da kuɗin ajiyarsu. Ba daidai ba ne magidanci ya ji an saida gidan da yake kwana daga bakin yaran unguwa.

Dillali da ranar biya

Ba mu ce a guji dillali ba. Shi ya san wanda ke nema, ya san nawa aka saida gidan bayan layi watan jiya. Abin da muke cewa a yanke la'ada tun kafin ya kawo kowa: nawa ce, wa zai biya, mai saidawa ko mai saye ko su biyun. In kun shirya a kan 5 cikin 100 a gidan miliyon 12, jika 600 kenan, kuɗin da ya isa jarin wata mai tebur. A kuma kiyayi ɗora riba, inda mai gida ya ce miliyon 12, dillali ya je ya ce 14, ya hana su haɗuwa. Maganinsa mai gida da mai saye su zauna ido da ido kafin a sallama. Sannan kada a watsa gida hannun dillalai goma. Gobe kowa zai zo ya ce shi ya kawo mai saye, kuma gidan da ya daɗe yana yawo a baki mutane kan ɗauka yana da wata illa. Asalin takarda ba ta barin hannun mai ita, hoto ake bayarwa.

Kada mai saye ya gane cewa kana cikin matsi. Wanda aka san bashi ya taso shi, ko kuɗin kujerar Makka yake son cikawa kafin a rufe, tayin wulaƙanci za a yi masa. Wannan duk ɗan kasuwa ya san shi a kan hajarsa, amma sai ya manta a kan gidansa.

In an daidaita aka bada kafin alƙalami, a rubuta: nawa aka bayar, yaushe za a cika, me zai faru in ɗaya ya fasa. A mazhabarmu ta Malikiyya ba a cinye kafin alƙalami don mai saye ya janye, saboda haka kada a taɓa kuɗin nan sai ciniki ya tabbata. A rubuta kuma abin da ke cikin ciniki da abin da ba ya ciki. Tankin ruwa, faranti mai kama hasken rana da baturansa, fanka, ƙofar ƙarfe, rumfar kwano: a kan irin waɗannan ƙananan abubuwa mun ga manyan mutane sun daina gaisawa. Cinikin gida mai titir fonsiye ta hannun noter yake bi. Mai akti ma, in da hali, noter ya fi kwanciyar rai, in ba haka ba a yi takarda da shaidu na kowane ɓangare, mai unguwa ya sani, meri ta buga hatimi, a kuma bi ta har a juya suna.

Sai kuɗi. Miliyon 12 takardar jika goma-goma 1.200 ce. Ƙirga su a zaure da dare, ga ƴan kallo, ga tsoron jabu, kasada ce da ba ta da dalili. A haɗu a banki, injin ya ƙirga, a zuba cikin asusu, sannan a sa hannu. Mutanen Maraɗi da Ƙwanni masu hulɗa da Najeriya su ƙara kula da wani abu: in mai saye daga Jibiya ko Katsina ko Illela yake, a yanke ciniki da sefa, a biya da sefa. Waɗanda suka bi bashi da naira a 2023 da 2024, lokacin da ta yi ta faɗuwa, sun ga yadda kuɗi ke narkewa a hannun wani. Biya kashi-kashi kuwa, in ba makawa, takarda ta zauna wajen noter ko wani amintacce har a cika.

Kafin a yi murna a zauna da alƙalami. A cire la'ada, kuɗin gyara, kuɗin takardu, bashi, kuɗin mota, hayar watannin farko a can inda za a je. Abin da ya rage shi ne kuɗin gidanka na gaskiya. Ra'ayinmu, kuma mun san wasu ba za su so shi ba: wanda zai saida gida don ƙara jari ya fara ware kuɗin ko da fili ne a bayan gari, ya saya, ya riƙe takarda, sannan ya shiga kasuwa da saura. Rufe iyakar Najeriya daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 ya nuna mana yadda kaya ke iya tsayawa wata da watanni ba laifin mai su. Kuma a tuna gidan zama ba a yi masa zakka, amma kuɗinsa in suka kai nisabi suka shekara a hannu, akwai 2,5 cikin 100 a kansu.

Yaushe za a tashi

A cikin takardar ciniki a rubuta ranar fita, a nemi wata biyu ko uku. Wannan mun koye shi da jikinmu. Shekarun baya da gidanmu ya tashi daga Damagaram zuwa Maraɗi, mun miƙa makulli ranar da aka biya, bisa alkawarin cewa gidan da muka kama haya zai fita hannun mai shi a ƙarshen wata. Bai fita ba sai bayan kwana arba'in. Iyali suka rarrabu gidajen dangi, kaya suka zauna a zauren wani maƙwabci, gara ta cinye ƙafafun gado da rabin buhunan da muka jingina da bango. Tun daga ranar ba mu yarda da gidan da ba mu riƙe makullinsa ba.

Lokacin tashi ma abin lissafi ne. Damina ba ta da daɗin ɗaukar kaya. Makarantun boko a watan Oktoba suke buɗewa, saboda haka mai yara zai so ya isa kafin nan, ya karɓo musu takardar canjin makaranta tun ana hutu. Wanda ke da ɗa mai jarrabawar BEPC ko BAC gara a bar shi wajen dangi ya ƙare shekara. Ga mai sana'a kuwa, tashi ana gab da azumi ko jajibirin salla asarar cinikin shekara ce. Sai kowa ya auna wanda ya fi masa sauƙi, don ba kasafai ukun ke haɗuwa ba.

Tashin sana'a

Hajiya mai tuwon saidawa, mai man gyaɗa, mai ƙanƙara da lemu a firigo, ke ba kaya kawai za ki ɗauka ba. Masu sayenki na cikin unguwar nan, kuma ba su shiga mota. Kafin a kama gida a can ki je da kanki ki gani: akwai famfo, wuta na zama, nawa ne nisan kasuwa da injin niƙa, mata nawa ke irin sana'arki a layin. Mai gida yakan duba zaure da wurin aje mota, ya manta da inda za a kafa murhu.

Littafin bashi shi ne abu na farko. Ranar da unguwa ta ji za ki tashi, masu binki za su yi layi, waɗanda kike bi kuwa su ɓace. Don haka wata uku kafin nan a rage bada bashi, a soma tattarawa a hankali ba tare da shela ba. Abin da bai samu ba a damƙa ma amintacciya a gaban mai bashin, ta riƙa aikowa ta Nita ko Amana. Ke ma ki biya na kanki, don sunan da kika bari zai riga ki isa sabon gari ta bakin direbobi da ƴan uwa.

Adashi kuma ba a barin sa tsakiya. In kin riga kin kwasa, ki cika zubinki ko ki tsara yadda za ki riƙa aikowa. In ba ki kwasa ba ki roƙi uwar adashi a matso da kwasarki. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991 suka bazu ko'ina, suna da lokacin fasa asusu, ki daidaita fitarki da shi, ki kuma nemi shugabarku ta haɗa ki da wata ƙungiya a can. Mai rumfa a babbar kasuwar Maraɗi ko Kasuwar Dole ta Damagaram ya je wajen hukumar kasuwa ya ji ƙa'idar mayar da ita ga wani, domin galibi haƙƙin zama ne gare shi, ba mallakar ƙasa ba. Ya biya fatanti, ya karɓi rasiɗi. Lambar salula kuwa kada a canza ta, ita ce rumfar da ke bin mutum duk inda ya je.

Lodi da hanya

Daga Maraɗi zuwa Yamai kilomita fiye da 600 ne, ta Madawa, Ƙwanni, Dogon Dutsi da Doso, kuma mai kamiyo da nauyi da girman kaya yake yanka kuɗi. Tsohuwar kwaba da gara ta fara, randa, turmin da ya tsage, duk kuɗin ɗaukarsu ya fi kuɗinsu. A ba dillaliya ta saida, ko a yi sadaka da su, a Katako an sayi wasu. Amma kayan ɗakin mace nata ne, iyayenta suka yi mata, ba a saida ko kwalla guda sai da izininta. Ita za ta ɗaure su da kanta, langa cikin langa, tsumma tsakani, tangaran a naɗe cikin zannuwa a sa cikin fanteka. Kowane buhu da kwali a rubuta masa lamba da sunan mai ɗaki, musamman gidan da ke da mata biyu ko uku, a ƙirga a gaban direba lokacin lodi, a sake ƙirgawa lokacin sauke.

A yi jinga da mai mota a fili: kuɗin ƴan lodi, na masu saukewa, na hanya, wa zai biya, rabi yanzu rabi in an isa. A ga tampol da igiya da ido. Masu nauyi a gaba, katifu a sama, butalin gas a tsaye a rufe, firigo ma a tsaye, in an isa a bar shi ya huta sa'o'i kafin a sa masa wuta. Hajar saidawa a ware ta daban da takardunta na duwan, kada buhun shinkafa goma marar takarda ya sa a tsare kayan gida gaba ɗaya a shinge. Wani namiji na gida ya bi motar, a tashi da asuba, a guji tafiyar dare. Dabbobi in ba su da yawa gara a saida su a sayi wasu a can, don tunkiyar da aka turke wata shida takan zube a kwana guda cikin rana.

Abin da ba ya shiga kamiyo: takardun gida, takardun haihuwa, katin ɗan ƙasa, karnen rigakafin yara, maganin tsofaffi, zinariya da kuɗi. Waɗannan a jikin uwar gida ko mai gida suke tafiya cikin bas. A ware kuma ƙullin daren farko, tabarma, gidan sauro, buta, fitila, tukunya guda da ɗan garin tuwo, don ba wanda ke da ƙarfin kwance buhu talatin ranar da ya sauka.

Ana gobe tashi a bi maƙwabta gida-gida a yi sallama a nemi gafara, a mayar da turmin aro, a leƙa wajen liman da mai unguwa. A ɗauki hoton lambar kontar wuta da ta ruwa a gaban mai saye, a share gida, sannan a ba shi makullai duka, har da na ɗakin ajiya da wanda ke hannun yaron da ke kwana a zaure. A can kuma, bayan an sauke kaya an yi ƴar sadaka, washegari mai gida ya je ya gabatar da kansa wajen mai unguwa, uwar gida ta aika ma gidajen dama da hagu da ɗan abin da take saidawa, su ɗanɗana.